Tafin Ƙafar Tani

Tun da sanƙarau ya tafi da kunnuwan Tani tana yarinya, ba ta ƙara jin an kira sunanta ba. Amma duk ƙauyensu da ke gefen Makoda babu matar da ta fi ta saurin amsa kira, don ƙasa ake doka mata. In mijinta Malam Mika'ilu na son ruwan alwala, sai ya buga dunduniya a daɓen tsakar gida, ta waiwayo. Shi ya sa ko a zafin bazara ba a ganinta da takalmi a gida. Da tafin ƙafa take sanin babur ya tsaya a ƙofa, da shi take gane taɓaryar maƙwabciyarta Sauda, wadda Tani ke kwaikwayo wai daka take kamar mai tsoron kada turmi ya ji ciwo. Wajen tsokana, hannun Tani ya fi bakin wasu kaifi.

Da injin niƙa ya shigo gari mata suka jingine taɓare, Tani ta yi kewar daka har ta gaji. Sai ga shekarun tsada, man fetur ya gagari mai inji, mata suka karkaɗe turamensu. Duniya ke nan, a shekarar ce ciwon suga ya cinye jijiyoyin ƙafafunta. Tana hangen taɓare na hawa da sauka ta saman danga, ta danna ƙafa a ƙasa, ta ji kamar katifa ta taka. Mika'ilu ya doka ƙasa a bayanta har ƙura ta tashi, ita tana ta tankaɗen garinta. Wannan kurumta ta biyu ta fi ta farko ciwo, domin ta san abin da ta rasa.

Malamin asibitin ƙauye ne ya ba su labarin wata likita a birni, Sakinatu, mai bincike kan yadda ƙwaƙwalwar kurame ke karɓar girgiza a ƙafa. Da suka je, likitar ba ta ɓoye musu ba.

"Baba, wannan ba magani ba ne, dubawa ce kawai."

"To a duba, Likita," in ji Mika'ilu. "Ko ba komai mu san inda muka tsaya."

Aka kwantar da Tani, aka ɗaura mata wani ɗan abu mai kaɗawa a tafin ƙafa, aka zura kanta cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Da aka gama, likita ta nuna wa Mika'ilu hoton. Ƙafar dama ba ta aika komai ba. Ta hagu kuwa, sai da aka ƙure ƙarfin abin sannan wani ɗan wuri ya yi haske a gefen kai, wurin da masu ji ke jin sauti da shi.

"Jin ƙafar zai dawo?" in ji Mika'ilu.

"A kula da sugan, wataƙila a tsare ɗan abin da ya rage. Ban yi maka alkawarin fiye da haka ba."

Tani ba ta ko kalli hoton ba. Abin kaɗawar take nunawa, tana nuna ƙafarta ta hagu. Likita ta mayar mata da shi, ta murɗa har ƙarshe. Tani ta rufe ido, yatsun ƙafarta suka ɗan lanƙwashe, hawaye suka gangaro mata.

Mutane na jira a waje. Likita ta miƙa hannu za ta kashe, Tani ta riƙe mata hannun riga, ta yi wata alama da ɗayan hannun.

"Me take cewa, Baba?"

Mika'ilu ya sunkuyar da kai, ya gyara murya.

"Wai don Allah ki ɗan bar shi tukuna."