Zazzaɓin da Ba Ya Kawo Gumi

A shekarar 2012 ina aiki da wani ofishin kiwon lafiya a unguwar Mohandessin, can ƙasar waje, a sashen wayar da kan jama'a. Ni ba likita ba ne, ilimin lafiyar al'umma na karanta. Amma ɗalibanmu na Arewa da ke zaune a unguwar Darrasa, Dakta suke ce mini. Na gyara musu har na gaji na bari.

Ƙungiyarsu ta gayyace ni in yi magana a kan kayan maye. Shugabanta, wani dogon ɗalibin fiƙihu da kowa ke kira Ustaz, ya zo ofis don ya ji abin da na shirya. Kashi na farko bai dame shi ba: illar ƙwayoyi, da ta wiwi, da ta abubuwan da ke sa mutum gane-gane, musamman zaƙami, wanda na ji ana raɗe-raɗin wasu sun fara jiƙa 'ya'yansa suna sha. A kashi na biyu ya tsaya, inda na bayyana abin da za a yi wa wanda ya riga ya sha.

"Dakta, wannan ai koya musu kake yi," in ji shi. "Ka ce haramun ne, khalas, shi ke nan."

"Hukunci naku ne, Ustaz, kun fi ni saninsa. Nawa shi ne wanda bai bi hukuncin ba, ga shi kwance a ɗaki."

Ya yi dariya. "Ɗaliban ilimi ne fa, ba 'yan tasha ba."

Muka rabu a kan zan taƙaita. Ranar taron na faɗa a gurguje: zaƙami yana hana gumi. Jiki zai yi zafi, fata ta bushe, mutum ya riƙa hira da waɗanda ba sa nan. Kada a lulluɓe shi, kada a ɗaure shi, kada a bar shi shi kaɗai. A sanyaya jikinsa, a kai shi asibiti. Wani ɗalibi daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Dakta, irin wannan bayani haka, ko dai an taɓa ɗanɗanawa ne?" Aka yi dariya, aka kira sallah, aka watse.

Da zafi ya tsananta, wata rana bayan azahar, wannan mai barkwancin ya kira ni a waya. Muryarsa babu wasa. "Dakta, abin nan da ka faɗa ne. Ka zo."

Gidan da suke haya yana bayan shagunan littattafai, a saman wani tsohon bene. An rufe tagogi, hayaƙin habbatussauda ya cika ɗakin. A kan katifa wani ɗalibi ne mai shiru-shiru da na sani da gaisuwa kawai, yana shekarar ƙarshe. An jibga masa barguna har wuya. Ya fito da hannu ɗaya yana tsintar wani abu a iska, yana ajiyewa a hankali. Wasu suna masa ruƙiya. Ustaz yana tsaye a bakin ƙofa.

"Jira muke ya yi gumi," ya ce. "Da ya yi gumi zazzaɓin zai sauka. Ai haka ake yi a gida."

Haka ake yi kuwa. Haka mahaifiyata ta yi mini, kuma na tashi. Na taɓa goshin mara lafiyar, na ji shi a bushe kamar tukunyar da aka manta a kan wuta.

"Ba zai yi gumi ba," na ce.

Na yaye bargunan, na sa aka buɗe tagogi, muka jiƙa rawani da ruwan sanyi muna dafa masa wuya da hammata. Jijiyar hannunsa tana bugawa da saurin da na kasa bi. Na ce a nemo tasi.

Ustaz ya ja ni gefe, ya rage murya. "Dakta, ka san me kake cewa? Asibiti za su tambayi abin da ya sha. Daga nan magana ta kai wurin masu ba shi tallafin karatu, su yanke. Iƙama kuma, takardar izinin zamansa, ka ga yadda gari yake yanzu ga baƙo. 'Yan watanni suka rage masa ya gama karatu. Don Allah a yi masa a gida."

Babu ƙarya a cikin abin da ya faɗa. Na tuna na tsaya ina jira in ji wani abu a ƙirjina, tsoro ko tausayi, ban ji ba. Abin da na sani kawai na maimaita.

"Ba ni da abin da zan yi masa a gida. Yalla, maza ku ɗauke shi."

A asibiti likita ya tambayi abin da ya sha, na faɗa masa, domin magani ya dogara a kan amsar. Ya farfaɗo bayan 'yan kwanaki. Sauran kuma ya tafi yadda Ustaz ya ce. Aka janye tallafin, ba a sabunta masa iƙama ba, bai zauna jarrabawar ƙarshe ba.

Na je masa sallama yana ɗaure littattafansa a kwalaye. Ya gaishe ni da ladabi, ya ba ni wuri. Ya ce bai tuna komai ba, sai wasu mutane da ke tafiya a jikin bango. So ya yi ya ga abin da ake cewa ana gani, sau ɗaya kawai. Can ya tambaye ni, bai ɗago kai ba.

"Dakta, da an bar ni a ɗaki, da ba zan tashi ba?"

"Ban sani ba," na ce. "Mai yiwuwa ne ka tashi. Mai yiwuwa ne kuma a'a."

"Ma'alish, ba komai," ya ce, ya ci gaba da jan igiya.

Ƙungiyar ba ta sake gayyata ta ba. Yau ina da shekara hamsin, na yi wannan bayanin a wurare da yawa, kuma ba na cire kashi na biyu. Nakan juya tambayarsa in duba ko amsata ta canza. Ba ta canza ba.

Da zan fita ranar da na je masa sallamar, na ga bargunan a ninke a bakin ƙofa. Ya ce ba za su shiga kaya ba, ya bar wa wanda zai gaji katifar.