Ranar da na daina ce wa likita "da sauƙi"

Jama'a, kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Ina nan da raina, da sabon hanji a cikina.

Da ciwon ciki abin ya fara, na ɗora wa wake laifi. Ashe jini ne ya daskare ya toshe jijiyar hanjina. Kafin in farfaɗo daga tiyata an yanke kusan duka.

Abinci ya koma ta jijiya. Jakar ruwan abinci a rataye, roba a ƙirji, ga ja-in-ja da inshora. Matan cocinmu su kawo kunun gyaɗa gidanmu a Glenwood, maigidana Baban Grace ya shanye, ni sai ƙamshi.

Robar ta riƙa jawo ƙwayoyin cuta, jijiyoyin da ake sa ta suna toshewa ɗaya bayan ɗaya. In suka ƙare, ba ta inda zan ci. Na tsorata ƙwarai.

Aka tura mu asibitin dashen hanji. Likitar wata siririyar dattijuwa ce, ba ta gaggawar ɗaukar wuƙa. Ta ce jiki yakan ƙi baƙon hanji, magani kuma har ƙarshen rai. Wanda jakar ke riƙe da shi lafiya, gara a bar shi.

Ni kuwa duk tambayar da ta yi, sai in ce da sauƙi, mun gode Allah. Haka aka rene mu ai, ko mutum na shure-shuren mutuwa. Saura kaɗan amsar nan ta hana ni dashe.

Amma matar nan akwai lura! Ta ga bakina na faɗin ɗaya, gwajin hanta na faɗin wani. Ashe abincin jijiyar ya fara taɓa min hanta. Ta jawo kujera ta zauna.

"Ba gaishe ki nake yi ba. Da amsarki za mu yanke shawara."

Na fashe da kuka. Na faɗa mata zazzaɓin da nake ɓoyewa, da ƙaiƙayi, da jiri.

Ta tara likitan hanta da mai kula da abinci, suka auna komai, suka sa ni a layin masu jiran dashe tun hantar ba ta lalace ba. Da layi ya zo kaina, aka yi min dashen. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri. Iyalin da suka ba da hanjin ɗan'uwansu cikin makoki, ban san ku ba, amma kullum kuna cikin addu'ata.

'Yan'uwa, "da sauƙi" ta masu zuwa dubiya ce. Likita kuwa, ku zayyana masa komai.

Jiya Anti Saratu, shugabar matan cocin, ta kawo kunu. Baban Grace ya miƙa hannu kamar kullum, na riga shi ɗaukar kofin.