Fuskar Dariya a Wayar Ɗan Ƙanena

Na zauna a Kwatano, na yi shekaru a Khartum, na kuma ɗanɗana sanyin Faransa. A Faransa ne na fara ganin mutumin da za ka tambaya lafiya ya tsaya ya faɗa maka gaskiya: bayansa na ciwo, matarsa ta tafi. Mu nan ƙasar Bagudo, da Hausa ko da Dandanci, amsa ɗaya ce. Wanda ake turawa asibiti a amalanke ma lafiya lau zai ce maka.

Ɗan ƙanena ya dawo daga jami'a a shekararsa ta biyu, ya faɗi jarrabawa. Ya rame. Makaranta ta yarda ya maimaita shekarar, amma sai in uban ya yarda. Uban kuwa ɗan kasuwar albasa ne a Illo, mutum ne da bai taɓa kwanciya don ciwon kai ba.

Yaron ya ce damuwa ce ta kayar da shi. Ya ce har an sa musu manhaja a waya saboda irin wannan. Tana koya musu jan numfashi a hankali da tsara lokacin karatu, kuma kowace safiya tana tambaya yaya suka tashi, ta jera fuskoki daga mai kuka zuwa mai dariya. Wanda ya yawaita zaɓar mai kuka, malamar ba da shawara za ta neme shi.

Ranar kasuwa uban ya kira ni rumfarsa, tunda ni ke jin Turanci. Abokansa na zaune kan buhuna. Ya miƙo mini wayar, yaron na tsugune a gefe.

"Yaya, karanta muna. Mi ta ce?"

Na duba. Tun farkon zango har ƙarshensa fuskokin dariya ne jere, ba ko ɗaya da ta ɓata rai. A ƙasa manhajar ta rubuta masa barka, wai hankalinsa kwance yake, ya ci gaba da haka.

Na faɗi abin da na gani. Rumfar ta ɗauki dariya.

"To ga shaida!" in ji uban. "Waya ba ta ƙarya. Kai, wa ya danna wagga huska? Ni?"

"Ni ne, Baba."

"Kana mutuwa kana dariya?"

Yaron ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Gaishe ni take yi, Baba. Da safe, bayan na yi salla. In ce mata ban tashi lahiya ba, alhali Allah ya tashe ni?"

Nan na gane. Waɗanda suka ƙera abin sun ɗauka tambaya suke yi, shi kuwa gaisuwa yake amsawa, yadda uwarsa ta koya masa tun yana rarrafe. Na yi wa ƙanena bayani da Hausa, na sake da Dandanci don abokansa na ƙetaren iyakar Benin su ji. Na ce shi ma ranar da albasarsa ta ruɓe a hanya, lafiya lau ya ce wa kowa.

"Na ce lahiya lau, kuma na tashi na yi lodi. Shi hwa?"

Wani daga cikinsu ya ce a gwada musu numfashin. Suka matsa wa yaron sai ya yi. Ya rufe ido, wayar na ƙirga masa da muryar mace, ya ja iska ya riƙe. Ɗaya ya ce haka akuyarsa take yi kafin ta haihu. Wani ya tambaya ko digirin numfashi ake ba su. Hawaye na bin kumatun yaron, bai buɗe ido ba har muryar ta gama.

Uban ya karɓe wayar ya jefa aljihu.

"Yaya, kai ka yi yawon duniya, ni nan na tsaya na ciyar da gida. Mai lahiya ba ya zama banza."

Lokacin rajista ya zo ya wuce. Yaron na ɗaure buhunan albasa a kan baburan da ke tsallakawa Benin. Da abokan karatunsa suka kira su ji ko zai dawo, uban ne ya ɗauka. Ya ce musu ɗalibin yana bakin aiki, su daina damun shi.