Barewar Likita da Shingen Lantarkina

Bara da rani Baba ya shuka latas a lambunmu na bakin gulbi, shi da tun tasowata albasa da tumatir kawai ya sani. Dalili kuwa, garinmu na Jibiya ya cika da ma'aikata. Tun da kuɗin mai suka shigo, kullum sai ka ga sabuwar fuska a bakin iyaka, da sabon babur, da rediyo rataye a kafaɗa, kuma dukansu sai sun ci ɗanyen ganye kamar awaki. Baba ya ce in na tsare latas ɗin nan har ya kai yanka, zai bar ni in bi Yaya zuwa Maraɗi a babbar motar da yake tuƙawa. Ga Maraɗi nan kusa da hancina, amma ban taɓa wuce sandar iyaka ba. Duk tsarana sun je, har wanda bai iya fyace majina ba ya je ya dawo yana yi mana Faransanci.

Abu ɗaya ne ya tsaya tsakanina da Maraɗi: barewar Likita.

Likita shi ne ma'aikacin da ke duba shanun da ake ƙetarowa da su, yana yi musu allura. Kirista ne daga kudancin Zariya, mutumin kirki, ban da wannan jarabar da yake kiwo. Makiyaya ne suka ba shi ita tana 'yar mitsitsiya, ya raine ta da madarar gwangwani, ta girma ta ɗauka ita ma ma'aikaciyar gwamnati ce. Ga jan ƙyalle a wuya, ga tafiyar yanga. Ba ta gudu, ba ta tsalle, biskit ya sa ta yi nauyi. In ta zo lambunmu sai ta durƙusa ta kutsa ta ƙarƙashin shingen ƙaya, ta bi layi tana cire zuciyar kowane latas, ta bar mana ganyen waje mu yi shaida da shi.

Sau ɗaya na jefe ta da hoge, Baba ya kama kunnena.

"Kai mahaukacin ina ne? Dabbar Likita za ka jefa? In saniyarmu ta kwanta, kai za ka yi mata allura?"

"To Baba, latas ɗin fa?"

"Tsaro na ce ka yi. Ban ce ka yi kisa ba."

Ta yaya zan yi tsaro ina makaranta da safe? Barewar nan ta fi ni sanin lokacin da ake kaɗa ƙararrawa. Na je na kai ƙara wurin Likita, ya dafa kafaɗata ya ce, "Yi haƙuri ƙanena, yarinya ce, ba ta da wayo. Zan yi mata faɗa." Ya ɗaure ta, ta yi masa kallon marainiya, kafin azahar ya kwance ta.

A garejin su Yaya dabara ta zo mini. Makanikai suna da wata mugunta da suke yi wa baƙon yaro: su ce riƙe mini wannan wayar, sai su tada inji. Ranar da suka yi mini, sai da na hango kakata da ta rasu tana daka a tsakar gida. Ina dawowa hayyacina na ce to, abin da ya nuna mini lahira ai ba zai gagari barewa ba.

Yaya ya yi dariya har da tari, sannan ya ba ni tsohon batir, da kwayil, wato tulun ƙarfen da ke ba filogi wuta, da ɗan gwangwanin nan da ke sa fitilar sigina ƙyaftawa. Ya nuna mini yadda ake haɗa su.

"Ɗauki, injiniya. In ka soya kanka, kada ka ce ni na aike ka."

Waya ce babu. Na ƙona tsofaffin tayoyi a bayan gari na zare ta cikinsu. Da na koma gida Inna ta tare ƙofa da muciya ta ce ita ba ta haifi gawayi ba, in koma inda na fito. Na sari itacen geza na kakkafa kewaye da lambun, na kifa wuyan kwalaben lemo a kansu, na ja wayar daidai tsayin hancin barewa. Ɗayar wayar da ta fito daga kwayil na ɗaura a guntun ƙarfe na soka cikin laka kusa da rijiya. Batir kuwa a ka na ɗauko shi tun daga gareji, wuyana ya shige cikin ƙirjina, har yau ina ganin na rage tsawo.

Na haɗa. Gwangwanin ya fara tik, tik, tik. Ina tsaye cikin kwamin latas ba takalmi, na miƙa yatsa na taɓa. Jaki ne ya harbe ni, jakin da ba a gani. Na tashi daga ƙasa ina murna kamar an yi mini albishir.

Ran Asabar na laɓe bayan mangwaro. Ta zo tana rangwaɗa, ta shinshina wayar, ta goga wuyanta a jiki, ta sake gogawa kamar ta samu mai yi mata susa kyauta. Sai ta durƙusa ta wuce ciki ta fara karin kumallo. Na kore ta ina kusan kuka.

Ban gama huci ba Baba ya taho daga wajen rijiya, ya gama ban ruwa, ƙafafunsa jage-jage da laka.

"Wa ya shanya waya nan?" in ji shi, ya kai hannu.

Hularsa ta tashi ta ƙetare iyaka ba fasfo. Ya karanto addu'o'in da ban taɓa sanin ya iya ba, a tsaye kan ƙafa ɗaya. Da ya samu numfashi ya juyo a hankali.

"Zo nan, ɗan albarka. Wato ita ta ci latas, ni in ci wuta?"

"Baba, ka dai ga tana aiki."

Gudu ne ya cece ni, sai kuma Yaya da ya roƙa mini a ƙara mini kwanaki. Baba ya ce ya ji, amma magana tana nan inda take: babu latas, babu Maraɗi.

Da jikina na gano matsalar. In na taɓa wayar daga waje, kan busasshen yashi, ko cizon cinnaka ya fi ta zafi. In na taɓa daga ciki, inda ƙasa ke jiƙe, sai jakin nan ya dawo. Ashe na gina shingen da ke dukan masu lambu, yana yi wa ɓarauniya susa.

Sai na koma ba yashi ruwa. Kafin in tafi makaranta in ja guga in shayar da latas, sannan in sake ja in jiƙa bayan shinge kewaye. Wanda bai san yashin Jibiya ba bai san ƙishirwa ba. Ka zuba guga, kafin ka juya ya shanye yana kallonka. Hannuwana suka yi kanta. Batir ya mutu, na kai shi gareji a ka, na dawo da shi a ka. Wani tsoho daga Daddara ya tsai da jakinsa yana kallona.

"Yaro, mi ka shuka nan?"

"Yashi, Baba."

"To, Allah shi ba da yabanya."

Ranar da abin ya kama, ina nan. Na jiƙa wurin sharkaf, ta zo ta tsaya da ƙafafu huɗu cikin danshi, ta kai jiƙaƙƙen hancinta. Tas! Na buɗe baki zan yi ihun nasara, sai na ga barewa a sama. Ta wuce waya, ta wuce ƙaya, ta dira tsakiyar latas. Ta tsaya tana duban ƙafafunta, ita kanta ba ta san tana da wannan baiwa ba. Sai ta sake gwadawa, ta fita. Ta sake, ta shigo. Ina tsaye da guga a hannu ina kallon yadda na ɓata makonni ina koya wa barewa sana'ar iyayenta.

Daga ranar ba ta ƙara ɓata gwiwarta da ƙasa ba. Na ɗaga wayar sama, ta wuce ta ƙasanta a tsaye. Na sauke, ta bi ta sama. Na roƙi Yaya waya ta biyu, ya ce tayoyin garin sun ƙare a hannuna. Kafin mako ya zagayo, abin da ya rage a lambun ko kaza ba zai ƙosar ba.

Likita ya zo da kansa ba da haƙuri. Ya cire hula, ya gaida Baba da ladabi, amma murna ta ƙi ɓoyuwa a fuskarsa.

"Baba, ka ga yadda take tsalle yanzu? Da har na fara tsoron ko ƙafarta ce ba lafiya."

"Ba komai, Likita, ai dabba ce," in ji Baba.

Ba komai! Bayan ya tafi na ce, "Baba, ai dai na yi ƙoƙari."

"Ka yi. Ƙoƙari na ce za a yanka, ko latas?"

Inna ta sa baki, Yaya ya sa baki, Baba ya ce shi magana ɗaya yake yi. Ranar da motar ta tashi ina lambu ina tuge kututturen latas, don Baba ya ce a mai da wurin albasa, ita barewa ba ta ci. Daga can kan titi na ji Yaya ya danna ham mai tsawo, na san ni yake yi wa. Ban ɗaga kai ba. Baba ya ce in na gama in naɗe wayar nan in fitar masa da ita daga lambu, kuma in tabbata na cire batir tukuna.