Gidan da shanu sunka sha ruwa

Har gobe ban mantawa da ranar da wani makiyayi ya koya mini dillancin gidaje, ni da nake ganin ba wanda ya fi ni sanin Sabon Birni. Shekara ta uku ke nan damina tana ƙin zama. Lokacin ina aiki ƙarƙashin Alhaji Mamman, mai sayen gidaje ya gyara ya sayar, ni ke nemo mashi masu saye ina samun la'ada.

Wani dattijo, Baffa Buba, ya aiko mini daga Burkusuma. Shanunsa sun fara faɗuwa, sai ya kora mafi yawansu kasuwa tun suna da sauran nama, ya ce kuɗin gida yake so ya saya cikin gari ya zuba 'yan haya, ko iyali su samu abin ci. Ba shi da wani abu bayan wannan, ya gaya mini da bakinsa.

Ga yadda muke yi, don ku da kunka shigo sana'ar ga jiya. Mai saye yakan fara ba da kafin alƙalami, wato wani kaso da zai riƙe mashi gidan. Sannan a zauna gaban mai unguwa da shaidu a rubuta takarda. In kuɗi ba su cika ba, a yanka mashi lokaci. Na tsara wa Baffa abin tsaf: ya biya kaso mafi tsoka, sauran ya riƙa cikawa daga kuɗin haya. Gidan kuwa ɗaki shida ne, sabon yaɓe, sabon kwano, can gefen gari. Wallahi na ji daɗin kaina. Ya aiko da kafin alƙalami ta hannun mai babur tun bai ga gidan ba.

Ranar da ya zo, ina ta buɗe mashi ɗakuna ina zuba, shi ko kallon rufi bai yi ba. Ya fita bayan gida, ya duƙa, ya ɗebi ƙasa ya murza. Ya tsaya yana kallon wata giyayya, itacen fadama, da ta bushe.

"Ɗana, kai ka san wurin ga?"

Na ce, "Haba Baffa, nan anka haife ni."

"To ni nan na shayar da shanuna. Damina huɗu. Inda kake tsaye, ruwa har ƙirjin saniya."

Gidan cikin farin nan anka gina shi, ni kuma ban taɓa tako wurin da damina ba. Gini nake dubawa, ban taɓa tambayar ƙasa ba. Kunya ta kama ni ƙwarai.

Na tarar da Alhaji a rumfarsa na gaya mashi. Ya ce, "Ciniki ya faɗa, Sani. Ina ruwan yake? Nuna mini shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwa za ya dawo. Mutumin ga shanunsa ne ya zuba."

"Kai dillalina ne ko nasa?"

"Naka ne, Alhaji. Amma za ni gun mai unguwa."

Na kuwa tafi. Gaban shaidu na tambayi mai unguwa, tsakaninsa da Allah, ko ruwa na kwanciya wurin. Ya ce yana kwanciya. Liman da ke cikin shaidun ya ce aibin da ba a bayyana wa mai saye ba yana warware ciniki. Alhaji ya maido da kuɗin nan take, ya ce kada in ƙara taka rumfarsa. Ban roƙe shi ba, don na san inda na tsaya.

Na samo wa Baffa wani gida a garin Isa, ɗaki huɗu, tsoho, amma kan tudu. Shi ya zagaya shi da ƙafarsa kafin in buɗe baki. Da hayar gidan nan ya riƙe iyalinsa har fari ya wuce.

Wancan gidan fa? Alhaji ya sayar wa wani malamin makaranta ta hannun wani dillali. Na ji labari, na ce ba cinikina ba ne, na kama bakina. Da damina ta dawo da ƙarfinta, na je na ga malamin tsaye cikin ruwa har gwiwa, yana tsamo littattafansa, ɗakuna uku sun zube. Ya gaishe ni da ladabi, bai san na sani ba.

Tun ranar nan ban ƙara sayar da gida ba sai na gan shi da damina, ko na tambayi wanda ya yi kiwo a wurin. Kuma in na san aibin gida, ko cinikin wane ne, sai na faɗa. Wanda ya ji haushi ya ji. Malamin nan taku kaɗan ne tsakanin gidana da makarantarsa, kuma ban je na gargaɗe shi ba.