Ɗumin Jikin Mairama

Mairama mai ƙosai ta kasuwar Filinge ba ta san uwarta ba. An haife ta a Tabla shekarar da soja suka fara karɓar mulki, ana tsakiyar yunwa, uwar ta rasu kafin suna. Ba hoto, ba zane, ko ƙwarya ba ta bari ba. Ga mutanen Tabla da baki: duk wanda ya ga yarinyar sai ya ce, "Na'Allah ne sak, kamar an tsaga kara." Ubanta ke nan. Hanci nasa, tsawo nasa, har faɗan. Shekara talatin muna maƙwabtaka, na sha jin ta ce ita dai ko farce ɗaya ne a ce na innarta ne.

Bara autarta Hawa, mai karatun ungozoma a Yamai, ta zo hutu. Wata hantsi tana bita a rumfa, uwar na juya ƙosai, sai yarinyar ta ɗago kai.

"Inna, kin san cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai ƙananan murahu? Mitokondiri aka ce musu. Su ka ƙona abinci, su ba jiki ƙarhi da ɗumi."

"To, sai mi?"

Hawa ta sunkuyar da kai don kunya, amma ta ci gaba. Irin namiji, in ji ta, yakan taho da nasa murahun, da su yake samun ƙarfin tafiya. Yana shiga ƙwan mace, sai ƙwan ya bi su ɗaya-ɗaya ya narkar, cikin 'yan kwanaki babu ko guda. Kama da hali ana gadonsu ta ɓangare biyu. Murahun kuwa na uwa ne kaɗai, ita ma daga tata uwar.

Ni ina gefe ina ji. Abin da ido ba ya gani, a ce har da tsari irin wannan!

Mairama ta manta da kasko har ƙosai ya ƙone, abin da ban taɓa gani ba.

"Ke, ɗiyata, ba ni son wasa. Na Baba ko ɗaya babu?"

"Babu, Inna. Duk na innarki na."

Sai Mairama ta ajiye matsami, ta goge hannu a zane, ta ɗora tafinta a wuyanta. Ta daɗe a haka, hawaye na zuba.

"Allahu Akbar," ta ce. "Ashe ba ta tahi da wutarta ba."