Wurin da Nasiru Yake Tsinto Katantanwa

Shekara huɗu ke nan da Allah Ya karɓi ran Nasiru a nan Alƙahira, amma ban taɓa jin kunyarsa irin ta bana ba.

Shi ya haɗa mana ƙungiyar tattaki, mu ɗalibai mazauna unguwar Faisal. Ranar Asabar mukan hau jirgin ƙasa zuwa Ma'adi, mu shiga Wadi Digla, kwarin nan mai fararen duwatsu, mu wuni muna hawa da sauka. Yana da wata al'ada da ke ba mu haushi. Duk inda hanya ta rabu sai ya tsaya ya ce, "Yalla, mu je, yau waye zai ja mu?" Mu kuwa sai mu fashe da dariya mu ce ya wuce gaba kawai, ai ga shi nan. Haka muka yi ta bin ƙeyarsa muna musun ƙwallo.

Can ciki akwai wani lungu da yake kai mu, inda katantanwar teku ta daskare a jikin dutse. Yakan ce da can ruwa ne a wurin. Ya tsinci 'yan ƙanana ya aika wa yayarsa Hajara a Gusau.

To, watan jiya Yaya Hajara ta zo asibiti nan Alƙahira, ganinta yana ta raguwa. Abu ɗaya ta roƙe ni. Ta ce, "Sani, kai ne amininsa. Kai ni wurin nan in gani tun idona yana iya gani."

Na ce, "Tamam, ba matsala, Yaya, ai na san shi kamar tafin hannuna."

Wallahi da gaske na ɗauka na sani! Muka shiga kwarin, ina riƙe da sandarta. A mararraba ta farko na tsaya sororo. Duwatsun duk iri ɗaya, farare fat. Na bi dama, na dawo, na bi hagu. Rana ta take, baiwar Allah tana ta haki. Ƙungiyar ta daɗe da watsewa, babu wanda zan kira ya fi ni sani. Da Nasiru zai leƙo, na san ba zai yi faɗa ba. Tambayar nan tasa kawai zai maimaita, kuma ita ce ba zan iya ɗauka ba.

Da ta gaji muka raɓe a gindin wani dutse. Tana shafa shi da hannu, sai yatsanta ya faɗa kan wata 'yar katantanwa guda. Ta kai fuskarta kusa, hawaye ya zubo mata.

"Nan ne ko, Sani?"

Ba nan ba ne. Lungun Nasiru cike yake da su, har ba ka san inda za ka taka ba. Abin da ya bar mana ke nan, hanya da ya so mu iya, muka bar ta ta bi shi kabari.

Ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a, ta haɗa da ni, wai Allah Ya saka mini da na riƙe zumunci. Na ce amin, kaina a ƙasa.